Inuwar Birnin Charlotte Ta Tsufa a Lokaci Ɗaya

A birnin Charlotte da ke jihar Karolina ta Arewa a Amurka akwai wani titi da ake kira Queens Road West. Idan ka bi shi a watan Yuli, lokacin da zafi da gumi suke hana mutum sakat a kudancin ƙasar, za ka yi tafiya mai nisa rana ba ta taɓa ka ba. Bishiyoyi ne jere a dama da hagu da tsakiyar hanya, rassansu sun haɗe a sama sun yi rumfa. Kusan dukkansu iri ɗaya ne, wani nau'in itacen ok da mutanen can ke kira wilo ok, masana tsirrai kuma suna ce masa Quercus phellos. Hoton wannan titi birnin yake nunawa idan ya tashi yabon kansa. Amma kowace shekara sai an sare wasu daga cikin bishiyoyin, domin sun tsufa, gindinsu ya ruɓe, ana tsoron kada su faɗo kan gida ko mota.

Daga nan gardama ta taso: me za a dasa a gurbinsu? Wasu sun ce a mayar da wilo ok, ai ita ce kwalliyar garin. Wasu sun ce ta isa haka nan, ta fasa musu daɓe, ta cika musu indararo da ganye, a nemo ƙananan itatuwa masu fure waɗanda ba sa wahalar da kowa. Ni ban bi bayan ko ɗaya daga cikinsu ba. A ganina wilo ok tana cikin bishiyoyin inuwa mafiya kyau da birni a wancan yanki zai samu, kuma ya kamata a ci gaba da dasa ta. Sai dai a ba ta filin da ya dace da girmanta, kuma a daina jera ta ita kaɗai daga farkon titi zuwa ƙarshensa. Mafi yawan laifin da ake ɗora mata na waɗanda suka dasa ta ne.

Unguwar Myers Park, inda wannan titi yake, gonar auduga ce kafin 1911. A wannan shekara aka ɗauko wani masanin tsara birane mai suna John Nolen ya zana unguwar, daga baya wani matashi, Earle Draper, ya zo a 1915 ya ci gaba da aikin. Fili ne fetal babu inuwa, masu sayar da filaye kuwa sun san mai kuɗi ba zai gina gida a tsakiyar rana ba. Sai suka shiga dasa itatuwa, har da waɗanda suka riga suka tasa, ana tono su daga karkara ana kawowa. A shekarun 1910 da 1920 aka yi yawancin dashen. Saboda haka manyan bishiyoyin da ake gani yau sun kai shekara ɗari ko sun kusa.

Ba su yi kuskure ba da suka zaɓi wilo ok. Bishiyar 'yar ƙasa ce, asalinta fadamu da bakin koguna na gabashin Amurka, daga wajen Niyu Jazi har arewacin Fulorida, ta yi yamma zuwa gabashin Tekzas. Itacen da ya saba da fadama ya saba da ƙasar da ruwa ke kwanciya a kanta, wadda iska ba ta ratsa ta sosai, kuma irin wannan ƙasa ce a gefen titi bayan motocin gini sun gama danne ta. Saiwoyinta sirara ne masu yawa, ba su nutsa can ƙasa ba, shi ya sa idan an tono ta an dasa a wani wuri takan kama ba wuya, abin da wasu 'yan uwanta na dangin ok ba sa yi. Tana da saurin girma, idan ta samu wuri mai kyau takan ƙara fiye da rabin mita a shekara, ta kai tsawon mita 20 zuwa 30. Ganyenta siriri ne dogo, kamar ɗan yatsa, don haka inuwarta ba mai duhu ba ce, haske yana ɗan ratsawa, ciyawar tsakar gida ba ta mutuwa gaba ɗaya. 'Ya'yanta ƙanana ne, ba su wuce santimita ɗaya da ɗan abu ba, sukan ɗauki shekara biyu kafin su nuna, kuma kurege da barewa da agwagin daji da talotalon daji duk suna rayuwa a kansu. Wanda ya tashi neman bishiyar titi a wannan yanki, da wuya ya samu wadda ta haɗa waɗannan duka.

Wannan dacewa tata ce ta jawo matsalar. Masu rainon itatuwa suka ga tana tafiya a kasuwa, suka yi ta rainonta. Masu gina unguwanni suka ga tana da araha kuma ba ta mutuwa, suka yi ta saye. Hukuma ta ga ba ta ba da kunya, ta yi ta amincewa. Bayan shekaru aka wayi gari ta mamaye tituna a Charlotte da wasu biranen kudu, har da Washinton babban birnin ƙasar. Babu wanda ya zauna ya yanke shawarar a yi haka, kowa ya bi abin da ya fi masa sauƙi ne.

Mazauna Charlotte sun san kuɗin da ake biya a kan wannan. A shekarun baya, idan ka shiga tsofaffin unguwanni a ƙarshen Nuwamba sai ka ga an ɗaura wa bishiyoyi ɗamara a daidai ƙirjin mutum. Ana fara naɗa wani abu mai taushi kamar auduga don ya toshe tsagar ɓawo, a rufe da baƙar takarda ko leda, sannan a shafe ta da danƙo. Dalilin wata ƙwaro ce mai kama da malam-buɗe-littafi, wadda macenta ba ta da fiffike. Da sanyi ya sauka sai ta fito daga ƙasa ta bi kututture ta hau sama ta yi ƙwai a kan rassa. Idan ɗumi ya dawo a Maris da Afrilu ƙwai ya ƙyanƙyashe, ƙananan tsutsotsi su cinye sabon toho, su riƙa saukowa a kan zare suna faɗa wa masu wucewa a ka da wuya. Ɗamarar danƙon ita ke tare macen a hanya. Sau uku, a 1992 da 1998 da 2008, abin ya fi ƙarfin ɗamara har birnin ya yi feshi ta jirgin sama. Tsutsar ba wilo ok kaɗai take ci ba, amma garin da ya jera mata tsofaffin bishiyoyin da take so, rassa na taɓa rassa, ya sauƙaƙa mata aiki. Bishiya mai ƙuruciya idan an cinye ganyenta takan sake toho. Tsohuwa kuwa, wadda fari ya taɓa kuma aka datse mata saiwa, kowace shekarar tsutsa tana rage mata ƙarfi.

Sai kuma iska. A ranar 22 ga Satumban 1989 guguwar Hugo ta shigo daga teku ta ratsa har Charlotte, duk da cewa birnin yana da nisan kusan kilomita 300 daga gaɓar da ta sauka. An ƙiyasta cewa itatuwa wajen 80,000 suka faɗi, wasu unguwanni suka yi makonni babu lantarki. Guguwa irin wannan ba ta tambayar sunan bishiya, amma doguwar bishiya mai faffaɗan kai, wadda saiwoyinta ke kwance kusa da saman ƙasa kuma aka tsare su tsakanin kwalta da siminti, ita ce ta fi saurin kifewa.

Abin da ya fi damuna bai kai ga faruwa ba tukuna, amma Amurkawa sun gan shi sau biyu a kan wasu itatuwa. A farkon ƙarni na 20 bishiyar titi a arewacin ƙasar ita ce elm. An jera ta a gari bayan gari, har birnin New Haven ya yi suna da ita. Wajen 1930 wata cuta ta shigo daga Turai cikin gumaguman katako, ƙwaro yana ɗaukarta daga bishiya zuwa bishiya, inda kuma saiwoyi suka haɗe a ƙarƙashin ƙasa sai ta bi ta nan. Cikin gomman shekarun da suka biyo baya miliyoyin bishiyoyi suka mutu, tituna suka koma tsirara. Garuruwa da yawa suka cike gurbin da itacen ash, su ma a jere. A 2002 aka gano wani koren ƙwaro daga Asiya a kusa da Ditroit yana huda ɓawon ash, yau ya kashe miliyoyi masu yawa, ya kuma iso Karolina ta Arewa. Babu wanda zai iya rantsuwa cewa wilo ok ba za ta gamu da nata ba. A 1990 wani masani a gandun itatuwa na ƙasa da ke Washinton, Frank Santamour, ya ba da shawarar da har yanzu ake ambato: kada iri ɗaya ya wuce kashi 10 cikin 100 na itatuwan birni, kada dangi na kusa ya wuce kashi 20, kada babban dangi ya wuce kashi 30. Ana iya gardama a kan lambobin, amma hikimar a fili take.

Mu ma ba baƙin wannan al'amari ba ne. Darbejiya, ko dogon yaro, ko maina, daga Indiya asalinta yake, an shigo da ita Borno wajen 1928, yau ita ce inuwar Maiduguri da Kano da Maraɗi da Zandar. Mun zaɓe ta don dalilan da suka sa mutanen Charlotte suka zaɓi tasu: tana kamawa, tana sauri, akuya ba ta damu da ita sosai ba. A shekarun 1980 wani ƙwaro mai manne wa ganye ya addabe ta a yankin tafkin Chadi, a wajen 1990 kuma aka ga tana bushewa daga sama a wurare da dama a Nijar, hankalin masu gandun daji ya tashi domin babu wata bishiya da za ta maye gurbinta da sauri. Allah ya sa abin ya lafa. Ita wilo ok kanta ba ta ƙasarmu ba ce, tana son sanyin hunturu na gaske da ƙasa mai danshi, kada wani ya wahalar da kansa neman irinta. Abin da ya shafe mu shi ne halin dogara da iri ɗaya.

Bayan iri ɗaya akwai shekaru ɗaya, kuma wannan ne mutane ba su cika lura da shi ba. Titin da aka dasa cikin shekara biyu ko uku kamar gari ne da duk mutanensa sa'o'in juna ne: sun yi ƙuruciya tare, sun yi ƙarfi tare, ranar da tsufa ya zo babu matashin da zai karɓi aiki. Idan ka duba gindin tsofaffin bishiyoyin nan bayan ruwan sama, wani lokaci za ka ga wani naman kaza mai tauri ya fito daf da ƙasa, faɗinsa kamar faranti, yana tsattsafo da ruwa launin zuma. Sama kuwa ganye kore shar, babu alamar ciwo. Masu duba itatuwa sun san ma'anarsa: saiwoyin da ke riƙe da bishiyar sun fara ruɓewa daga ciki. Idan ta kai haka magani ya wuce, sai zarto. Da a ce tun shekarun 1960 ana cire ɗaya nan ɗaya can ana dasa sababbi, da yau titin yana da tsofaffi da matsakaita da yara, faɗuwar ɗaya ba za ta buɗe sama ba.

To, masu cewa a koma ga ƙananan itatuwa fa? Na fahimci kukansu. Wanda saiwa ta ɗaga masa falalen siminti a ƙofar gida har tsohuwa ta yi tuntuɓe ba ƙarya yake yi ba. Ganyen wilo ok idan ya zuba a Nuwamba da Disamba yana da wuyar shara, sirantarsa ta sa yake zamewa ta haƙoran manjagara, ya cusa kansa cikin indararo da kwata da ramin iskar mota. Sare babbar bishiya da ta rataya a kan rufi kuwa aiki ne na dubban daloli, wani lokaci sai an kawo motar ɗaga kaya. Duk da haka ban yarda da maganinsu ba. Ƙaramin itacen fure mai tsawon mita biyar ba zai rufe kwalta ba, ba zai sanyaya bangon bene ba, ba zai tare ruwan sama kamar yadda bishiya mai faɗin mita 15 take yi ba. Kuma an taɓa gwada neman bishiya marar wahala: wani itacen fiya mai farin fure da ake kira Bradford ya cika unguwannin Amurka daga shekarun 1960. Ashe idan ya kai shekara 15 zuwa 20 rassansa sukan tsage da kansu, 'ya'yansa kuma suka bazu cikin daji suka zama annoba, har jihar Ohayo ta hana sayar da shi daga 2023. Garin da lokacin zafinsa ke ƙara tsawo yana buƙatar manyan bishiyoyi. Inda wayar lantarki ta ratsa sama, nan ne wurin ƙaramin itace, domin babbar bishiya a ƙarƙashin waya ƙarshenta a yi ta fafe mata tsakiya har ta nakasa.

Abin da wilo ok take nema ba shi da yawa, amma ba a yi masa ragi. Na farko ƙasa. Masana itatuwan birni sukan ce babbar bishiya tana buƙatar ƙasa mai laushi wajen mita 30 na murabba'i mai zurfin mita guda, alhali sau da yawa ana cusa ta a ɗan zirin da bai kai mita ɗaya da rabi ba tsakanin titi da hanyar ƙafa. Saiwa ba ta da inda za ta, dole ta bi ƙarƙashin siminti inda raɓa ke taruwa, ta yi kauri, ta ɗaga shi. Sai a zo gyaran daɓe a datse saiwar, ruɓa ta samu ƙofa, bayan shekara goma a ce bishiyar ba ta da kirki. Ƙasar kuma dole ta kasance mai ɗan tsami. Inda ɓaraguzan siminti suka gauraya da ita ta koma kamar mai kanwa, bishiyar ba ta iya jan sinadarin ƙarfe, ganyenta ya yi ɗorawa-ɗorawa jijiyoyinsa kawai suka rage kore. A tsakar gida, a ba ta tazarar mita goma ko fiye daga bango.

Sauran kuwa aikin shekarun farko ne. Ana dasa ta idan ganye ya zuba, daga ƙarshen kaka zuwa ƙarshen hunturu. Rami ya fi dunƙulen saiwa faɗi sau biyu ko uku, amma kada ya fi shi zurfi, wurin da kututture ya buɗe ya zama saiwa ya kasance ana ganinsa a saman ƙasa. Akwai wata ɗabi'a da ta yaɗu a can ta tula ɓawon itace da aka niƙa a jikin kututture har ya yi tsibi. Wannan yana ruɓar da ɓawo, yana sa saiwa ta zagaye gindi ta shaƙe shi. A baza shi a faɗi, kaurin yatsu uku ko huɗu, a bar jikin bishiyar a sarari. A ba ta ruwa sosai sau ɗaya a mako a lokacin zafi na shekara biyu zuwa uku. Sannan a yi mata aski tun tana ƙarama, a cikin hunturu, a bar mata kai guda ɗaya da zai miƙe sama. Idan aka bar kai biyu suka tashi tare, ɓawo yakan shiga tsakaninsu, bayan shekara arba'in iska ta tsaga bishiyar gida biyu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, a nan maganar ba ta buƙatar fassara. Reshen da almakashi zai cire yau shi ne wanda gobe sai an kira masu igiya da zarto.

Wannan aikin ne kasafin kuɗi ya fi mantawa da shi. Ranar dashe akwai masu ɗaukar hoto da 'yan makaranta, amma babu wanda ke zuwa kallon mai ban ruwa a watan Agusta na shekara ta biyu. A 2011 majalisar birnin Charlotte ta sa wa kanta burin inuwar itatuwa ta rufe rabin garin kafin 2050, a 2012 kuma aka kafa ƙungiyar TreesCharlotte don taimaka wa dashe. Duk da haka wani bincike ya nuna inuwar ta ragu daga kashi 49 cikin 100 a 2012 zuwa kashi 45 a 2018, kuma babban kaso na asarar a filayen gidajen mutane ya faru, inda ake rushe ƙaramin gida a gina babba, ko mai gida ya tsorata da tsohuwar bishiya ya sare ta bai dasa wata ba. Ƙirga yawan abin da aka dasa ba zai warware wannan ba. Abin ƙirgawa shi ne nawa suka kai shekara goma da rai, da kyakkyawan tsari.

Akwai kuma maganar adalci. Mazaunin Myers Park yana da kuɗin kiran masani ya duba bishiyarsa, ya rage mata nauyi, ya ɗaura mata ɗamara kowane hunturu. Mai ƙaramin ƙarfi a wata unguwa, idan ya ga reshe ya rataya a kan rufinsa, abin da zai iya biya sau ɗaya shi ne sara. Wani bincike da aka buga a 2020 a kan birane 108 na Amurka ya gano cewa unguwannin da hukuma ta shata wa jan layi a shekarun 1930, aka hana su bashin gina gida saboda baƙaƙe da baƙin da suka yi ƙaura daga wasu ƙasashe ne ke zaune a ciki, har yau sun fi unguwannin masu hali zafi da kimanin digiri 2.6 a ma'aunin Salshiyos. Rashin itatuwa yana cikin manyan dalilan. Idan birni zai ba talaka dashe kyauta, ya haɗa masa da alkawarin askin shekarun farko da taimako ranar da bishiyar ta tsufa, in ba haka ba ya ba shi nauyin da zai ƙi karɓa, kuma yana da hujja.

Ga Queens Road West kanta, na san akwai masu cewa kyawunta yana cikin kasancewar bishiyoyin iri ɗaya, tsayi ɗaya, kuma idan aka gauraya rumfar ba za ta koma yadda take ba. Gaskiya ne, ba za ta koma ba. A wannan titi guda, saboda tarihinsa da faɗin tsakiyarsa, zan yarda a mayar da wilo ok a yawancin guraben, a hankali, shekara bayan shekara. A sauran titunan garin, musamman sababbin unguwanni da ake shatawa yanzu, doka ta tilasta wa mai gini ya bar zirin ƙasa mai faɗin da zai ɗauki babbar bishiya, kuma ta hana shi jera iri ɗaya. Dazukan Karolina suna da farin ok da saifires na fadama da sikamo da wasu manyan itatuwa masu inuwa, masu raino za su tanade su idan suka tabbata hukuma za ta saya shekara biyar masu zuwa.